Tsutsa: Suna Ɗaya, Gidaje Barkatai



 Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama, domin ba kullum ake ware wa ƙananan halittu zaure irin wannan ba.

Maganata ta yau a kan dabbobi marasa ƙashin baya ce, musamman tsutsotsin da kimiyya ta makara wajen ganinsu. Na san da aka ambaci tsutsa wasu sun ɗan yamutsa fuska, kuma ban ga laifinsu ba: mun san tsutsa ne a ruɓaɓɓen nama, a cikin yaro mara lafiya, a gonar da ta lalace. Abin da nake so in nuna muku shi ne, wannan kalma ƙwaya ɗaya ta rufe mana ido ga halittu masu bambancin da ya fi na kifi da raƙumi, kuma duk inda wani ya daure ya duba su da kyau, ya gane su waye, ɗan Adam ya amfana. Zan bi batun ta fuskoki shida.

Na farko: me muke nufi da tsutsa?

Bahaushe bai yi rowar suna ba. Yana da tana, wadda ke fitowa bayan ruwan sama, masunta su haƙo ta su sa a ƙugiya. Yana da matsattsaku mai maƙale wa ƙafa a fadama. Yana da kurkunu, da macijin ciki, da gwazarmar juji. Amma da zarar abu ya zama dogo, mai laushi, ba shi da ƙafa, kuma ba mu da sunansa, sai mu jefa shi buhu ɗaya mu ce tsutsa. To, a kwance buhun mu gani. Tsutsar nama jaririyar ƙuda ce. Gwazarma jaririyar wani ƙwaro ce mai taurin baya. Tsutsar da ta fara afka wa masararmu a 2016 ita ma ɗiyar wani ƙwaro ce mai kama da malam-buɗe-littafi, mai tashi da dare. Duk waɗannan ƙwari ne da ba su kai girma ba tukuna. Tana kuwa tana ce har ta mutu.

Kada mu ɗauka mu kaɗai muka yi wannan haɗin gambiza. Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin sunayen halittu da ake bi har yau, a 1758 ya kasa dabbobi kashi shida: masu shayarwa, tsuntsaye, su kwaɗi da macizai, kifaye, ƙwari, sai kashi na ƙarshe da ya kira Vermes, wato tsutsotsi da harshen Latin. A nan ya zuba tana da katantanwa da tarin halittun teku da bai san inda zai kai su ba. Sai da aka ɗora wa Jean-Baptiste Lamarck kula da ƙwari da tsutsotsi a gidan tarihin halittu na Paris a 1793 sannan aka fara tsintar buhun dalla-dalla, kuma daga wurinsa ne kalmar marasa ƙashin baya ta bazu.

Yau masana na raba dabbobi zuwa manyan gidaje fiye da 30, kowane gida da tsarin ginin jikinsa. Duk mai ƙashin baya, daga tarwaɗa zuwa jimina zuwa ni da ku, ɗaki ɗaya muka tare a cikin gida ɗaya. Sauran ɗakunan da sauran gidajen duk na marasa ƙashin baya ne, kuma su ne fiye da kashi 95 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sa wa suna. Fiye da goma daga cikin gidajen nan mazaunansu siffar tsutsa gare su. Binciken sinadarin gado, wato DNA, ya ma nuna cewa kurkunu ya fi kusa da fara da kunama, domin dukkansu suna yin saɓa, ita kuwa tana ta fi kusa da katantanwa. Wa zai yi wannan zato da ido kawai?

Na biyu: gidan da ya fi kowa yawan jama'a.

Gidan su kurkunu da macijin ciki ana kiransa Nematoda, tsutsotsi masu siffar zare. Mafi yawansu ba sa cutar da kowa. A cikin ƙasa suke, suna cin bakteriya da ruɓaɓɓun abubuwa, suna sakin abincin da saiwar shuka ke buƙata, kuma ba a ganinsu sai da madubin ganin ƙananan halittu. A 2019 masana daga ƙasashe da yawa suka haɗa samfuran ƙasa daga kowace nahiya, suka ƙiyasta cewa kowane mutum ɗaya a duniya, akwai wajen biliyan 57 na waɗannan tsutsotsi a madadinsa, a ƙasar sama kawai. Nau'o'in da aka sa wa suna kuwa ba su kai 30,000 ba. A 2011 aka ba da labarin wata da aka samo a ruwan da ke tsattsafowa daga dutse a mahaƙar zinariya ta Beatrix a Afirka ta Kudu, zurfin kilomita 1.3, inda da can ake ganin bakteriya ce kaɗai za ta iya rayuwa.

Manomin tumatirin rani ya san ɗaya daga cikinsu ko da bai taɓa ganinta ba. Shuka ta yi yaushi alhali an ba ta ruwa, an ba ta taki. Ya tumɓuke ta ya ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Aikin Meloidogyne ke nan. Idan bai san tsutsa ce ba, ƙarin taki zai saya, kuɗin kuma ya tafi a banza.

Akwai kuma wadda ta zama malama. Caenorhabditis elegans tsawonta milimita ɗaya ne, jikinta garai-garai ana ganin cikinsa. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, ya zaɓe ta a shekarun 1960 domin nazarin yadda jiki ke ginuwa. An ƙirga ƙwayoyin halittar jikinta, 959, daga ciki 302 na jijiya ne, kuma an bi sawun kowace ɗaya tun daga ƙwai. A 1998 ta zama dabba ta farko da aka karance DNA ɗinta. Lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci ta 2002, da ta 2006, da ta 2024, duk a jikin wannan 'yar tsutsa aka yi aikinsu. Abin da aka gano a kanta game da yadda ƙwayar halitta ke mutuwa a kan ƙa'ida, da shi masu binciken ciwon daji ke aiki yau. Raina kama ka ga gayya, in ji masu iya magana.

Na uku: me ya hana a gan su tun da wuri?

Amsar sau da yawa ba nisa ba ne, dabara ce. Tsakanin ƙwayoyin yashin teku akwai ruwa, a cikin ruwan nan akwai duniya guda. Masana sun daɗe suna wanke yashi suna tace abin da ya fito, amma wasu halittun suna maƙale wa tsakuwa gam, ba sa saki. Reinhardt Kristensen, ɗan ƙasar Denmak, yana aiki a Roscoff a gaɓar Faransa, ya wanke tsakuwar teku da ruwan daɗi maimakon ruwan gishiri. Canjin ruwan ya gigita halittun, suka saki. A cikinsu ya ga wata da ba ta kai milimita ɗaya ba, kanta cike da ƙayoyi, jikinta cikin sulke. Ba ta shiga kowane gida da aka sani ba. A 1983 ya bayyana sabon gida sukutum, Loricifera.

Bayan shekara 12, shi da Peter Funch suka sake bayyana wani gidan, Cycliophora. A ina suka samo shi? A kan gashin bakin wani babban jatan lande da Turawa ke kamawa suna ci tun kaka da kakanni. Dabbar tana nan manne, tana cin ragowar abincin maigidanta. Ta bi ta kwalekwalen masunta, ta bi ta kasuwa, ta shiga tukunya ba adadi, ba wanda ya gane ko wace ce ita. Wannan labari yana taɓa ni ƙwarai, domin ya nuna cewa sabon abu ba sai an haye teku ba.

Na huɗu, kuma a nan zan ɗan daɗe: tsutsar da ta ruɗa masana.

A 1915 wani masani mai suna Sixten Bock ya yaso laka daga ƙasan teku a gaɓar yammacin Suwidin, ya sami wata halitta mai laushi, tsawonta 'yan santimita kaɗan. Ba a yi bayaninta a rubuce ba sai 1949, lokacin da Einar Westblad ya sa mata suna Xenoturbella bocki. Ku saurari siffarta. Ba ta da ido. Ba ta da ƙwaƙwalwa, sai ragar jijiyoyi a ƙarƙashin fata. Ba ta da ƙoda, ba ta da hanji mai ɓullewa. Ƙofa ɗaya gare ta a ciki: ta nan abinci ke shiga, ta nan kashi ke fita. Jaka ce mai rai, tana jan jiki a kan laka. Westblad ya lissafa ta cikin faffaɗan tsutsotsi, dangin wadda ke kawo tsargiya, amma ba kowa ya gamsu ba.

Da fasahar karanta DNA ta zo, aka ce to yanzu gardama ta ƙare. A 1997 aka buga sakamako a mujallar Nature: Xenoturbella 'yar gidan su katantanwa ce, wadda ta rasa kwansonta da sauran sassan jikinta. Har an ga ƙwai irin na wannan gida a jikinta, abin da ya ƙara wa hujjar ƙarfi. Aka fara koyar da hakan.

A 2003 Sarah Bourlat da abokan aikinta suka sake gwajin, amma da wani taka-tsantsan: suka ware abin da ke cikin tumbin dabbar kafin su ɗauki DNA. Sai gaskiya ta fito. Abin da aka karanta a 1997 ba na tsutsar ba ne, na abincinta ne. Tana cin wasu ƙananan dabbobi masu kwanso biyu da ke cikin lakar, da ƙwansu. Kamar a ɗebi abin da ke cikin tumbin akuya a auna, a fito a ce akuya 'yar gidan harawa ce.

Ɗalibai, ku riƙe wannan. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta karanta. Waɗanda suka yi aikin farko ƙwararru ne, kuma sun buga shi a ɗaya daga cikin mujallun da suka fi tsanani wajen tantancewa. Abin da ya gyara kuskuren shi ne wani ya koma ga dabbar kanta, ya tambaya: me take ci, a ina take kwana? Ina jin wasu matasanmu na cewa zamanin madubi da wuƙar fiɗa ya wuce, yanzu zamanin na'ura ne. Ban yarda ba. Wanda bai san dabba da ido da hannu ba, ba zai gane ranar da na'ura ta ba shi amsar wata tambaya dabam ba.

Har yanzu maganar ba ta mutu ba. Su Bourlat sun kai ta kusa da gidan su tauraron teku, wato ɓangaren da mu masu ƙashin baya muke. A 2016 wani binciken ya ce a'a, ita da danginta suna can gindin bishiyar duk dabbobin da ke da dama da hagu. A shekarar ne kuma Greg Rouse da abokansa suka bayyana sababbin nau'o'i huɗu daga zurfin tekun Fasifik, babbar cikinsu ta kai santimita 20. Me ya sa ake ta wannan ja-in-ja a kan jakar nama? Domin idan a gindi take, sauƙin jikinta na asali ne, tana nuna mana mafi sauƙin tsarin da dabba mai gaba da baya za ta rayu da shi. Idan kuwa kusa da mu take, to sauƙin na baya-bayan nan ne, kuma sai an sake rubuta babi guda a littattafan da muke koyarwa da su.

Na biyar: masu rayuwa ba baki.

A 1977 ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Alvin ya nutsa kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos. Masana duwatsu ne a ciki, suna neman maɓuɓɓugan ruwan zafi. Babu masanin halittu a tafiyar, domin ba wanda ya zaci za a ga rai mai yawa a wannan duhu. Sai ga kurmin tsutsotsi, kowace a cikin farin bututu, wasu sun kai mita biyu, kawunansu jajaye wur saboda jini. Da aka feɗe su, ba baki, ba hanji. To da me suke rayuwa?

Wata ɗalibar digiri na uku a Harvard, Colleen Cavanaugh, tana zaune a lacca irin wannan ta ji mai jawabi ya ce an ga ƙwayoyin farar wuta a cikin jikin tsutsar. Nan take ta ce lalle akwai bakteriya a ciki masu cin wannan sinadari. Ta nemi samfur, ta tabbatar, aka buga a 1981. Tsutsar tana ɗebo sinadarin farar wuta da iskar oksijin da jininta, ta kai wa bakteriyar da ke cikinta, su kuma su haɗa mata abinci. An daɗe ana ba waɗannan tsutsotsi gidansu na kansu, daga baya DNA ya nuna 'yan gidan su tana ne. Wato gidaje na ƙaruwa, wani lokaci kuma a rushe katanga a haɗe biyu.

'Yar'uwarsu Osedax an gan ta ne a 2002 a tekun Monterey na Amurka, a kan ƙasusuwan mushen wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku mai shayarwa. Ita ma ba baki. Saiwoyi take kafawa a cikin ƙashi, tana narka shi. Duk waɗanda aka fara gani mata ne, sai da aka duba bututun macen da madubi aka tarar da mazan a ciki, mitsi-mitsi, gommai a jikin mace ɗaya.

Na shida: ina ruwanmu?

Dattawan da ke zauren nan sun san kurkunu. Sun san yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma, da yadda ake naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, mako da makonni, ana tsoron ya tsinke. Har yau ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. To da me aka ci ƙarfinsa? Wajajen 1870 wani matashin masanin halittu ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, yana aiki a tsakiyar Asiya, ya gano cewa 'ya'yan kurkunu na shiga jikin wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa ne, mutum ya sha ƙwaron a ruwan tafki, bayan kusan shekara tsutsar ta ɓullo a ƙafa. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don jin sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, zagayen ya koma farko. Da aka san haka, magani ya zama ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwo shiga tafki.

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa duk shekara. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta sami fiye da 650,000. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi da jama'a. An ga mutum na ƙarshe mai ciwon a Nijeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Gana ta biyo baya a 2015. A 2022 mutum 13 kacal aka samu a duniya baki ɗaya.

Amma tsutsar ba ta gama koya mana darasi ba. Daga 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari a Chadi, har adadin ya kusa 2,000 a 2019. Masana na zargin kayan cikin kifi da kwaɗi da ake zubarwa karnuka su ci. Shekara fiye da 140 bayan Fedchenko, sai ga shi an koma tafki da madubi ana sake tambayar ta ina take bi. Haka ma makantar kogi, wadda wata tsutsar gidan Nematoda ke jawowa ta cizon ɗan baƙin ƙuda: a farkon 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da ita, bayan shekaru ana bin ƙudan har inda yake ƙyanƙyasa.

Ba cuta kaɗai ba. Tanar da ake kira Eudrilus eugeniae, wadda masu haɗa takin gargajiya ke kiwo a Indiya da Amurka da wasu ƙasashe, asalinta Afirka ta Yamma ne. Wasu sun san darajarta sun ɗauka, mu muna taka ta. Charles Darwin littafinsa na ƙarshe, a 1881, a kan tana ya rubuta shi, da yadda take juya ƙasa. Akwai kuma siririyar tsutsar nan mai kama da gashin wutsiyar doki da akan gani a kududdufi. Gidanta dabam ne, Nematomorpha. Tana girma a cikin gyare ko fara, idan ta isa sai ta sa shi ya faɗa ruwa, ta fice. A Japan an auna an ga ƙwarin da take turawa rafi su ne kusan kashi 60 cikin 100 na abincin wani kifi a shekara. A 2012 an bayyana wani sabon nau'inta daga Kenya. Su waye ke cikin kududdufan Hadeja da Nguru? Me ke cikin lakar tafkin Chadi, da yashin gulbin Maraɗi, da fadamun Sakkwato? Wa muke jira ya zo ya faɗa mana?

Aikin nan ba ya buƙatar jirgin ƙarƙashin teku. Ana samun mazurari, a sa masa ɗan bututun roba a matse bakinsa, a ƙulle ƙasa cikin ƙyalle a ɗora, a zuba ruwa, a bar shi ya kwana. Da safe tsutsotsin sun ratso ƙyallen sun taru a ƙasa. Dabara ce da ta haura shekara ɗari. Duk shekara nakan sa ɗalibai su kawo ƙasa cokali biyu daga gindin bishiyar gidansu, kuma ban taɓa gajiya da kallon fuskar ɗalibi a lokacin da ya ga ɗigon ruwa ɗaya yana motsi ba. Abin da nake roƙon tsangayar da ta karɓe mu shi ne madubai masu aiki, da ɗakin ajiyar samfura inda za a rubuta wuri da rana a jikin kowace kwalba, da kuma a daina ganin ɗalibin da ya zaɓi sanin sunayen halittu a matsayin wanda ya rasa abin yi. Ina kuma roƙon a tura ɗalibai wurin masunta da manoma da makiyaya da littafin rubutu, domin akwai sunaye da lura a bakin waɗannan mutane da ba su shiga takarda ba tukuna.

Shugaban taro, na ga lokacina ya cika.   Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, ina sauraro. Zan so a fara ba ɗalibai dama.